Neman karanshaf ɗin tsohon injin jirginmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Injin ya tsaya mana yau da hantsi, muna tsakiyar ruwa tsakanin gungunmu da Yelwa, ɗauke da buhunan shinkafa da mata biyar masu zuwa kasuwa. Kwana uku ke nan ina jin wata ƙwanƙwasa a cikinsa, can ƙasa-ƙasa, kamar ana sakin taɓarya a turmin da babu komai. In na ƙara wuta sai ta ɓuya cikin ƙara, in na sassauta sai ta dawo. Na ce wa ƙanena fulogi ne, muka canza, ba ta daina ba. Yau kuwa sai ya yi kukan ƙarfe da ƙarfe, bayan jirgin ya girgiza, ya mutu. Na ja igiya ta ƙi zuwa ko taƙi ɗaya.

Allah ya rufa asiri iskar hunturu ba ta tashi ba a lokacin. Wani jirgi da ya fito daga Rofiya ya jefo mana igiya ya ja mu har gaɓa. Matan ba su ce komai ba sai salati, amma na ga fuskokinsu, kuma har yanzu da nake wannan rubutu abin bai bar raina ba.

Yamaha Enduro ne mai doki 40, silinda biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da mai. Mahaifinmu ne ya saye shi, Allah ya jiƙansa, tun ƙanena bai fara tafiya ba. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka yi min aure. Kuɗin sabo a yau ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, saboda haka gyara za a yi. Zan riƙa rubuta duk abin da muka yi da ranarsa, don kada lissafi ya ɓace min, kuma don masu irin wannan inji a bakin kogin Kwara suna da yawa.

Litinin, 13 ga Janairu

Mun kai shi wurin Baba bakanike, a rumfarsa ta bakin ruwa. Dattijo ne da ya koyi aikin a Doron Baga tun ana hada-hadar kifi sosai a Tafkin Chadi, kuma shi ke duba wannan inji tun mahaifinmu yana raye. Bai yi gaggawa ba. Ya cire fulogi biyun ya ɗora a tafin hannunsa: na sama baƙi-baƙi yadda aka saba, na ƙasa kuwa da ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli a bakinsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka shirya. Ciwon yana ciki."

Ya zare filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke saman injin, da abin jansa, bai yarda yaronsa ya kusance shi da guduma ba. Aka sauke kan injin daga ƙafarsa, aka kwance kafireto, aka raba gidan karanshaf biyu. Karanshaf shi ne ƙarfen da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyawa. Abin da muka gani ke nan. Boris ɗin babban kan konrod na ƙasa, wato sandan da ke haɗa fistin da karanshaf, ya tarwatse. Alluransa, wato siraran ƙarafan da ke birgima a cikinsa, wasu sun niƙe, wasu sun bi ta ƙofar mai sun shiga silinda sun karce fistin da bango. Fil ɗin da konrod ke juyawa a kansa ya yi shuɗi saboda zafi, kuma ya cika da ƙananan ramuka kamar zanzana. Kuncin karanshaf ɗin da ke gefensa ya ci wuta har launinsa ya canza. Na sama lafiyarsa lau.

Ga wanda bai taɓa ganin cikin injin jirgi ba, karanshaf ɗinsa a tsaye yake, ba a kwance kamar na mota ba. Samansa yana riƙe da filawil, ƙasansa yana da rami mai haƙora inda dogon sandan da ke gangarawa zuwa giya da farfela yake shiga. Kuma na wannan inji ba ƙarfe guda ba ne da aka zuba. Gutsa-gutsa ne, kunci huɗu da fil biyu, da boris da abin raba iska a tsakiya, aka matse su da inji suka zama ɗaya. Wannan ya sa ba a iya cire konrod ɗinsa da sifana. Sai an raba karanshaf ɗin gaba ɗaya.

Laraba, 15 ga Janairu

Na kwana biyu ina tunanin abin da ya jawo, sai yau Baba ya tambaye ni kai tsaye ko injin ya taɓa nutsewa. Ya taɓa. A watan Agustan bara, lokacin farin ruwa, wato cikar kogi ta damina, katakon bayan jirgin ya tsage a bakin gaɓa injin ya faɗa. Bai fi minti goma a ciki ba muka ciro shi. Amma ranar akwai rasuwa a gungu, sai muka jingine shi a ɗaki, sai bayan kwana biyu muka zubar da ruwan muka tada shi. Ya tashi, ya yi ta aiki wata biyar, na ɗauka magana ta wuce.

Baba ya ce waɗannan kwana biyun ne suka kashe boris ɗin. Irin wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai a ƙasansa. Ɗan man da aka zuba cikin fetur shi kaɗai ke shafar borisai yayin wucewarsa. In ruwa ya shiga ya wanke wannan shafin, tsatsa ba ta jiran mako guda, cikin sa'o'i take kama ƙarfen da aka goge sumul. Kuma da yake injin a tsaye yake, ruwan ƙasa yake taruwa, shi ya sa silindar ƙasa ce ta ɗauki wahalar. Tsatsar ta bar ramuka, allurai suka yi ta bi ta kansu sau dubbai a kowane minti, har ranar Asabar. Da mun cire fulogi nan take, mun juye ruwan, mun zuba mai ta kafireto da ramin fulogi, mun tada shi a ranar ya yi zafi sosai na tsawon lokaci, da wataƙila ba mu zo nan ba. Farin ruwa kuma yana ɗauke da laka, wadda ita ma ba ta barin boris lafiya.

Laifina ne, na karɓa. Abin da ya fi damuna shi ne na ji ƙwanƙwasar kwana uku kuma na ci gaba da ɗaukar mutane.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau muka zauna kan tambayar da ya kamata a fara da ita: wane inji ne wannan takamaimai? A bakin ruwa kowa "arba'in" yake cewa, kamar duk arba'in uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ba haka ba ne. Yamaha tana da tsohon zubi, E40G da E40J, waɗanda kayansu ke ɗauke da lambar 6F5 ko 6F6. Faɗin silindarsu milimita 78 ne, girman injin sisi 669. Sai zubin baya, E40X, mai lambar 66T, faɗin silinda milimita 80, sisi 703. Dukansu doki 40 ne, dukansu tafiyar fistin milimita 70 ce daga sama zuwa ƙasa, kuma daga nesa kusan kamarsu ɗaya.

Akwai ɗan faranti da ake mannawa a jikin maƙalar da ke kama bayan jirgi, mai ɗauke da sunan zubi da lambar injin. Namu shekaru da rana da gogar igiya sun cinye shi, ba a ganin komai sai inuwar haruffa. Murfin sama ma ba abin dogaro ba ne, don an sha yi masa fenti. Sai Baba ya ɗauko baniya, wato ƙarfen auna faɗi, ya auna fistin: 78. Ya goge jikin konrod na sama da fetur, ga 6F5 a zube a jikin ƙarfen. Magana ta ƙare, namu tsohon zubi ne.

Ɗan ƙanwata mai karatu a Birnin Kebbi ya nemo mana hoton littafin kayan gyara ta waya, ya kuma nuna min yadda ake karanta lambar. Haruffa uku na farko zubin inji ne, biyar na tsakiya sunan kayan, biyun ƙarshe kuma suna nuna ko an yi wa kayan gyaran fuska daga baya. Karanshaf cikakke 11400 ne. Saboda haka abin da nake nema 6F5-11400 ne, ba 66T-11400 ba. Na rubuta a takarda na sa a aljihu, na kuma rubuta da alli a bangon rumfar Baba.

Juma'a, 24 ga Janairu

A Yelwa babu. Shaguna uku na shiga, duk na sabon zubi suke da shi, domin shi ya fi yawa a ruwa yanzu. Wani abokin aiki ya ba ni lambar wani mai shago a kudu da yake turo masa kaya ta motar tasha. Na kira shi bayan Juma'a, na karanta masa lambar sau biyu. Ya ce akwai. Na tura kuɗi.

Laraba, 29 ga Janairu

Kaya ya iso, kuma ba shi ba ne.

Da na buɗe kwalin a tasha raina ya yi fari, domin sabo ne fil, a naɗe cikin leda da giris, ido ba zai raba shi da namu ba. Baba ya shimfiɗa buhu ya jera su gefe da gefe, bai ce uffan ba. Ya share giris ɗin konrod da yatsa ya nuna min: 66T. Na ce ko za a gwada duk da haka, tunda tafiyar fistin ɗaya ce. Ya ce a gwada don in gani da idona. Ya ɗora shi cikin rabin gidan, borisan ba su faɗa gurabensu yadda ya kamata ba. Ya ɗora filawil ɗinmu a kansa, bai zauna ba yadda yake zama a namu. Gani ya kori ji.

Wani matashin bakanike da ke wurin ya ce ai ana iya kai wa masu tona, wato masu injin feƙe ƙarfe, su rage nan su cike can. Baba ya ce shi ba da hannunsa ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wuyan da filawil ke zama a kai a karkace aka tona shi, kamar bakin mazurari, kuma wannan karkatar ce ke riƙe filawil, ba ɗan makullin da ke cikin tsagi ba. Makullin aikinsa ya tsayar da lokacin wuta. In zaman bai kama ko'ina ba, filawil zai yi ta motsi har ya yanke makullin, wuta ta sauka ba a lokacinta ba, injin ya mutu ko ya buga baya. Ƙarfen da ke juyawa sau 5,000 a minti a kusa da hannun direba ba wurin dabara ba ne.

Na kira mai shagon. Ya ce duk arba'in ne, kowa haka yake sawa. Ban ɗaga murya ba, na tura masa hoton su biyun da baniya a kai. Daga ƙarshe ya yarda ya karɓi kayansa, amma kuɗin mota zuwa da komawa a kaina, kuma sai kayan ya isa hannunsa zai mayar. Mako guda ya tafi, jirgi yana ɗaure, ƙanena yana bin jirgin wasu ana ba shi na abinci.

Daga yau ba zan sake tura ko kwabo ba sai an nuna min lambar da ke jikin ƙarfen ta bidiyo, ba wadda ke jikin kwali ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

An ba ni labarin wani mutum a Warra da ke da mataccen inji irin namu, wanda giyarsa ta fashe tun shekaru ya jingine shi. Na bi jirgin kasuwa na je. Baƙin ruwa ya cika tafkin Kainji yanzu, ruwan nan mai tsabta da ke tasowa tun daga ƙasar Gini ya iso mana cikin hunturu. Duk da haka direban yana ta kauce wa kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Masu ruwa sun haddace wurarensu kamar hanyar gida. Ban iya wuce wannan yanki ba tare da tuna watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya ɗebo mutane fiye da ɗari daga jihar Neja zuwa Warra ya rabe a tsakiyar ruwa. Akwai waɗanda na sani a ciki. Allah ya gafarta musu. Duk mai ɗaukar rayuka a wannan ruwa ya san abin da ke wuyansa.

Mai injin mutumin kirki ne, ya bar ni na kwance shi a tsakar gidansa. Lambar ta yi daidai, 6F5. Na juya konrod biyun, ba su da wasan sama da ƙasa sosai, amma suna ƙara-ƙara kamar akwai yashi, alamar sun sha zama cikin laima. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani a ƙasa. Na leƙa ramin haƙoran da fitilar waya, sai jan gari kamar barkono ya zubo. Haƙoran sun side sun zama kamar bakin wuƙa. Haka yake faruwa in ana sauke ƙafar inji ana mayarwa ba a shafa wa kan sandan giris ba. Tsatsa da gogayya su cinye haƙoran, wata rana a tsakiyar ruwa inji ya yi ta kuka farfela ba ta juyawa. Wurin da sil ɗin ƙasa, wato robar da ke hana iska shiga, ke kamawa ma ya yi zobe mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki.

Na kira Baba na faɗa masa, ina shirin in bar shi in dawo. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni kuncin tsakiya fa, wanda namu ya ƙone? Na duba. Lafiyayye ne, ko tabo babu. Ya ce, "Saye shi, in dai bai tsawwala ba." Na saya da kuɗi kaɗan, na naɗe cikin buhu na dawo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kuɗina sun dawo jiya. Yau mun zauna ni da Baba da ƙanena, hanyoyi uku a gabanmu.

Na asali sabo, an ce za a iya yo odarsa ta Legas, amma sai an jira makonni, kuma kuɗinsa ya kusan ninka na kwaikwayo uku. Azumi saura mako uku, albasar gungu kuma ta kusa fitowa, lokacin da jirgi ke samun abin da zai riƙe gida har damina.

Na kwaikwayo, ƙirar Caina, akwai na tsohon zubi, wani a Onica ya nuna min ta bidiyo da lambarsa daidai. Ba na cikin masu cewa duk kayan Caina jabu ne. Akwai injina da yawa a wannan ruwa da suke tafiya da su shekara da shekaru. Matsalar ita ce hawa-hawa ne, kuma daga hoto ba ka sanin wane hawa aka turo maka. Baba ya ce ya taɓa sa guda biyu daga kwali iri ɗaya, ɗaya yana aiki har yau, ɗaya bai ga ƙarshen damina ba. Araha ba ta ado.

Ta uku ita ce wadda ya sa na sayo na Warra dominta. Namu yana da lafiyayyen sama, lafiyayyun haƙora, wuraren sil sumul, domin mahaifinmu bai taɓa mayar da ƙafar inji ba giris ba. Kunci ɗaya kawai ya lalace. Na Warra yana da wannan kuncin. Dukansu ƙarfen asali ne na zubi ɗaya. In aka raba su aka ɗauki mai kyau daga kowanne, aka sa sababbin konrod da fil da borisai, an samu karanshaf da ya dace da gidansa ba tare da tambaya ba, tunda a cikinsa ya tsufa. Sharaɗin ɗaya ne: a samu mai injin matsi da agogon awo wanda ya san aikin.

Ƙanena ya fi son na kwaikwayo don sauri. Ya ce, "Yaya, kwana nawa za mu ƙara a zaune?" Yana da gaskiyarsa, shi ke shan rana a jirgin mutane. Amma na zaɓi ta uku.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Saitin konrod biyu sun iso, kowanne da fil ɗinsa da boris da wosha biyu na gefe. Wannan karon sai da mai shagon ya buɗe leda ya nuna min 6F5 a jikin ƙarfen kafin na biya. Za mu canza duka biyun, har da na sama mai lafiya, tunda shi ma ya sha ruwan Agusta. Na haɗa da manyan borisai, sil na sama da na ƙasa, gasket cikakke, da fistin biyu masu ƙarin rabin milimita da ringinsu, domin karcen silindar ƙasa ya yi zurfin da samfefa ba za ta fitar ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Kwana biyu na yi a Kontagora wurin wani mai tona da Baba ya amince da shi. Yawancin aikinsa karanshaf ɗin babura ne da injinan ban ruwa, amma masu jirgi ma suna kawo masa. Na zauna a kan benci na kalli komai.

Kafin ya raba, sai da ya ja layi a jikin kuncin duka ya yi musu lamba, don kowanne ya koma fuskarsa. Ya ɗora a injin matsi, fil ɗin ya saki da wata ƙara kamar harbin bindiga. Ya ce wannan ƙarar alheri ce, tana nuna ramin yana riƙe da ƙarfi. Fil ɗin da ya zare salin-alin, raminsa ya buɗe ke nan, kuma kuncin ya tashi daga aiki. Ya auna ramin kuncin Warra ya ce ya yi.

Na tambaye shi game da walda, domin na ga wasu suna ɗiga wa fil walda bayan an matse don kada ya juya. Ya ce in ramin yana da kyau ba a bukata, in kuma ba shi da kyau walda ɓoye ciwo ce. Zafinta yana jan ƙarfe ya karkace, kuma ranar da aka so sake gyara sai an yi ɓarna kafin a raba.

Haɗawar ce aikin gaske. Fistin biyun nan ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa ne a kowane lokaci, saboda haka fil biyun dole su kasance daidai kishiyar juna, digiri 180. In aka kuskure ko kaɗan, silinda ɗaya za ta riƙa samun wuta a makare. Ya matse ɓangaren sama daban, na ƙasa daban, yana sa ɗan siririn ƙarfen awo tsakanin konrod da kunci don ya bar masa wurin motsi. Sannan ya zura boris na tsakiya da abin raba iskan ya haɗe su. Wannan abin na tsakiya ƙarami ne amma shi ke hana ɗakin sama da na ƙasa satar numfashin juna, kuma in aka manta shi ko aka juya shi, sai an sake raba komai.

Daga nan ya ɗora shi a kan ƙarafa biyu masu bakin gwafa, ya kafa agogon awo a wuyan sama, ya juya a hankali. Allurar ta yi rawa har 0.12 na milimita. Ya ɗauko gudumar jan ƙarfe, ya nemo inda ya fi tudu, ya buga sau ɗaya. Ya juya. Ya sa ƙarfe tsakanin kunci ya ɗan buɗa. Ya juya. Haka ya yi ta yi fiye da awa guda, ba ya magana, har la'asar ta yi muka je muka dawo ya ci gaba. Da ya kira ni in duba, allurar ba ta wuce 0.03 a sama da ƙasa. Gashin kai ya fi wannan kauri. Ya ce karanshaf ɗin da ke rawa shi ke cin sil, sil in ya mutu iska ta shiga, iska in ta shiga mai ya yi ƙaranci, fistin ya ƙone, mai inji kuma ya yi ta zagin kafireto.

A nan aka faɗaɗa silinda biyun zuwa 78.50, aka goge bakin ƙofofin don kada su kama ringi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun haɗa. Baba ya sa aka share rumfar aka yayyafa ruwa saboda ƙurar hunturu, aka wanke gidan da fetur sau uku har sai da farin tsumma ya fito fari, domin ɓarɓashin tsohon boris yana ɓuya a lunguna. Karanshaf ɗin ya faɗa gurbinsa kamar bai taɓa fita ba, kowane boris ya hau ɗan fil ɗin da ke tsayar da shi. Ya shafa man inji a kowace allura, ya shafa siririn gam a fuskar gidan, ya ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa waje, yana juya karanshaf ɗin da hannu bayan kowane zagaye don ya ji ko ya ɗaure. Filawil ya zauna daram a wuyansa.

Tunda ƙafar tana ƙasa, mun canza robar famfon ruwa da man giya. Ni da kaina na shafa wa haƙoran sandan giris, a gefe kawai, ban tara a kansa ba, don Baba ya ce in ya taru a can yana hana sandan shiga har ƙarshe.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ja na huɗu ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe bakin ruwa, fitsarin injin, wato ruwan sanyaya shi da yake tsartowa, ya fito da ƙarfi, ƙwanƙwasa babu. Baba ya ɗora kan sukudireba a jikin gidan ya kafa kunnensa a ƙotar, sama da ƙasa, ya daɗe yana saurare. Ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi." Ƙanena ya juya baya yana share ido, ni ma ban iya magana ba. Muryar injin ce da muka sani tun muna yara.

Awa goma na farko sai an lallaɓa shi. Mai ninki biyu, lita ɗaya cikin fetur lita 25, maimakon rabin lita da aka saba. Minti goma na farko a tsaye ba wuta, sauran awar farko kada a wuce rabi, awa biyu na gaba kashi uku cikin huɗu, sannan sauran awa bakwai ba a riƙe shi a ƙarshen wuta fiye da minti biyar. Na hana ɗaukar fasinja har sai an cika. Man kuma na injin jirgi ne na gaske, ba baƙin man mota ba da wasu suka koma zubawa tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023.

Alhamis, 6 ga Maris, 6 ga Ramadan

Awa goma sun cika shekaranjiya. Mun cire fulogi, duka biyun launin ƙasa-ƙasa, babu ƙyallin ƙarfe. Baba ya sake bin kusoshin kan silinda da na filawil, ya kama filawil ɗin ya girgiza, ba ya motsi ko ta ina. Mun koma rabin lita cikin 25.

Yau muka yi lodin farko, albasa daga gungu zuwa Yelwa, sawu biyu kafin azahar. A sawu na biyu mata uku suka shiga, biyu daga cikinsu suna cikin waɗanda injin ya tsaya da su a Janairu. Ɗayar ta tambaye ni ko an gyara sosai, na ce mata an gyara, Inna, ta ce Allah ya tsare, ta zauna a kan buhu.

Katakon bayan jirgin an canza shi da sabo mai kauri, kuma na ɗaure injin da sarƙa a jikin jirgin ban da maƙalarsa. Ragowar karanshaf ɗin Warra da konrod ɗinmu na sama na shafe su da giris na naɗe a leda, suna rataye a rumfar Baba, ko wani mai tsohon zubi zai bukaci kunci. Na sa an buga 6F5 da 78.50 a ɗan farantin alminiyam an ɗaure a cikin murfin. Abin da ya rage shi ne igiyar tayarwa da ta fara sili, da bashin mai tona da na yi alkawarin cikawa kafin Sallah.